Ɗigon da Inna Ba Ta Kallo

Maigatari, Litinin

Ƙawata Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya mutanen Gagarawa, ya jikin Gwaggo? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin san Yaya Abdulbaqi na cikin masu koro shanu a ƙafa daga Nijar zuwa kasuwarmu. Wannan karon maigidansu ya ba su wata 'yar na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam, ko a dajin da babu sabis. Sai ga Yaya ya zama shuɗin ɗigo a kan taswira a wayar Baba, yana matsowa a hankali. Wallahi ko a littattafan da muke aro ban taɓa karanta abu mai daɗi haka ba: mutum na can nesa, kina ganin tafiyarsa!

Inna kuwa, ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa. Amma duk sanda na ɗauki wayar, sai shararta ta biyo ta gefena.

Sai dai Jannatu, tun jiya ɗigon bai motsa ba. Baba ya ce a ƙara haƙuri. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Sharifa

Maigatari, Laraba

Jannatu tawa,

Sallama da fatan alheri, ya gida? Albishirinki!

Jiya da hantsi Inna na tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ai ta ji Ismail yana da babur. Ismail fa, abokin Yaya, wanda in ya yi sallama nake rasa inda zan sa idona. Nan take na tura masa wurin da ɗigon yake ta waya. Kafin in ajiye wayar har ya kama hanya.

Ashe zazzaɓi ne ya kayar da Yaya. Abokan tafiyarsa suka bar shi a wata ruga, suka bar masa na'urar don a san inda yake. Da la'asar Ismail ya kawo shi, ya ɗaure shi a bayansa da rawani. Ban iya yi masa godiya ba, ruwa kawai na miƙa, rabi ya zube. Kada ki yi mini dariya.

Inna ba ta dubi Yaya ba, cewa kawai ta yi in ba wancan kunu. Da na zo rufe taswirar sai ta riƙe mini hannu. Ɗigon na zaune daidai kan gidanmu. Ta daɗe tana kallonsa, mai ɗigon kuwa yana bayanta yana shan kunu.

Ki gaida Gwaggo.

Taki har kullum,
Sharifa