Ummin Inna

Unguwar Hashimi, Suleja

Zuwa ga ƙanena Bamalli,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya Muhsina da su Khamis? Allah Ya jiƙan Inna Ya ba ta hutu, don a duniya kam ba ta huta ba.

Takarda na rubuto tunda waya ta gagara. In na kira kana ofis, in na sake kira kana cunkoson motoci a hanyar Madalla. To ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ana gama sadakar arba'in zan koma Kontagora, a rufe ɗakin Inna. Ummi fa? Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaye ni, ni kuwa in kalli ƙofa ko uban yarinya zai shigo. Ka zo ɗin, ka zauna a zaure, ka tashi, ko inda take ba ka kalla ba.

Na sani, za ka ce 'yar fari ce, kunya. Haba Bamalli! Tun ranar yaye da kuka kawo ta, ga shi tana aji biyar. Matar da ta rene mu mu biyar da kaskon ƙosai bayan rasuwar Baba, lokacin da ya kamata ta miƙe ƙafa sai ta sake ɗaura zanen goyo. Ka tuna hannun nan nata, duk tabon mai? Da shi take yi wa 'yarka kitso.

In ba za ka iya ba ka faɗa, in tafi da ita. Ba na son noƙe-noƙe.

Yayarka,
Asama'u

Kurmin Sarki, Suleja

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kin tashi lafiya. Muhsina na gaishe ki.

A cikin mota na karanta takardarki, har muka isa Abuja ban ɗaga kai ba. Kullum da safe motarmu na bi ta gaban Inna, ta aiko yarinyar da ƙosai mai zafi a takarda, in karɓa ta taga in ce, "Ki gai da Inna." Yanzu nake tunanin ba don ƙosan take aiko ta ba.

Jiya na nemi izini a ofis na je makarantarsu. Malamin ajinsu, wani Malam Gidiyon, ya ce, "Kai ne wa a wurinta? Mu kakarta muka sani." Ya ce Inna ba ta taɓa fashin taron iyaye ba. Sai ta rufe kasko da faifai ta zo ta zauna a bencin gaba, a yi ta Turanci ba ta jin ko ɗaya, in an tashi ta tsare shi sai ya maimaita mata da Hausa. Yana faɗa yana share ido. Yaya, kin san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi ni ɗan'uwan gidan ne. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk da haka ina roƙonki kada ki tafi da ita. Muhsina ta gyara mata wuri, har ta sayo katifa. Ki ba ni ita, in gyara abin da zai gyaru.

Naki mai biyayya,
Bamalli

Hashimi

Bamalli,

Salamu alaikum, ya gajiyar Juma'a?

Ki ba ni ita, wai! Buhun wake ce? Ka zo, na ba ku tabarma na fita tsakar gida. Ka ce ya makaranta, ta ce lafiya lau, kuka yi ta kallon bango har aka kira la'asar. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanena.

Kuma kada ka zaci kai kaɗai nake yi wa faɗa. Ni ma in ana hutu sai in turo wa Inna nawa 'ya'yan, ina fahari wai Inna akwai son jikoki. Jiya maƙwabta ke gaya mini tun bara gwiwa ta hana ta ɗaukar bokiti, Ummi ke surfa wake ta kai markaɗe kafin ta sa kayan makaranta. Layi duk sun sani, mu da ta haifa muna ta turo gaisuwa ta waya. Na kasa haɗa ido da matan nan.

Na ce wa yarinyar ta zaɓa, kuma ta rubuto maka da hannunta. Ban sa mata baki ba sai a wuri ɗaya.

Ka gai da mutan gida.
Asama'u

Zuwa ga Baban Khamis,

Ina kwana. Ina gaishe ka, ina gai da Anti Muhsina. Na gode da katifa.

Zan bi Gwaggo Kontagora. Don Allah kada ka ji haushi. Ita in ta yi dariya kamar Inna take yi. Gidanku ban san yadda ake yi ba, kuma ban san abin da zan riƙa ce maka ba. Inna ta ce kana da kirki, kunya ce ta yi maka yawa. In an yi hutu zan zo in gaishe ku in ba ka tafi aiki ba.

Gwaggo ta ce in rubuta 'yarka a ƙasa. Na rubuta.

'Yarka,
Ummi