Damin Ƙarshe a Rumbun Inna

Da sunan Allah Mai rahama. Daga yayanka Baharuddin a Filifin, zuwa ga ƙanena Mappiasse. Bayan gaisuwa, yaya iyali, da gonarmu da ruwan teku ke ci?

Lafiyata ƙalau, sai 'yar rawar hannu. Abokiyar bincikena, Dakta Luningning, takan ƙwace kwalbar gwaji ta ce, "Kaka, riƙe carbinka, kada ka ɓarar mana da wahalarmu!"

Albishirinka, mun gano ƙwayar halittar da ke sa tsiro jure gishiri a jar shinkafar Inna, amma wadda na zo da ita ta ƙare. Don Allah kada ku dafa damin ƙarshe da ya rage a rumbunta a walimar Mauludi. Ko ban dawo ba, jikokinka za su shuka shi.

Allah Ya raya ku cikin albarka.