Injin da ke Bayan Katanga

Issufu, taubashina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ni ma da nake rubuta ta ba zan iya karantawa ba. Hannu ne kawai ya haddace hanya, bik, alƙalamin nan, yana tafiya, ido yana baya. In layuka sun hau juna ka yi haƙuri. Da ma kai ba ka taɓa bambance rubutu mai kyau da tonon kaza ba.

Ga labarin gida. An yi ruwa, geron gonarka ta hanyar Birnin Lalle ya fid da kai, amma ciyawa ta kusa rinjayarsa. Matarka Haddiza tana cikin takabarka. Matata Tsahara ta ce mini ta rame. Tunkiyarka mai baƙin kunne ta haihu. Tabarmarka ta gindin itacen bedi an naɗe, kuma ba wanda ya ƙara ce mini bawa tun ranar da muka kai ka. Mun tsufa muna gardamar wane ne bawan wani tsakanina da kai, ka tafi ba a yanke ba.

Ba don wannan na ɗauki bik ba. Maganar amfirimanti ce, injin buga takardun nan naka. Kada ka yi dariya.

Ka san abin da ya rage mini a garin nan. Ni na fito na ɗaya a makarantar horon malamai, amma a ajin zana, na 'yan farko, na ƙare aikina can wajen Ajekoriya, domin bakina bai iya gaishe da manya yadda suke so ba. Yaran da na koya wa riƙon bik suna wuce ni cikin manyan motocin katkat, gilashi a rufe. Abu ɗaya unguwa ta bar mini: in takardar Faransanci ta shigo gida, ta likita ce, ta lakwal ce, wato makarantar boko, ko sammaci, wurina ake kawowa, ni Mushe Haruna, yadda ake kiran malamin boko. Shi ke karantawa, ya fassara, ya rufe bakinsa. Ba ni da gona mai kirki, ba ni da Hajji. Wannan ce rigata.

Kai kaɗai ka san ranar da idona ya fara cin amanata. Kai ka ɗauke ni zuwa Maradi, ka ce wa mutane tayar babur za mu sayo. Likitan ya duba ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiya ce, sai dai a rage mata gudu. A mota ba ka ce mini komai ba sai ƙorafin direba. Da muka dawo ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa, ka hau kan tsohuwar ordinatar nan, kwamfutar da ka tsinto lokacin da forojen dabbobi, shirin nan na tallafi, ya naɗe kayansa.

Na sha yi maka ba'a a kanta. Kai, likitan jakai, da tsarin Linux! Duniya duk tana Windows, kai ka ce sai tsarin da ba mai shi. Amma a cikinta ka yi mini dabarar. Ka ɗaura amfirimanti da igiya a jikin ordinatarka, ka buɗe ta ga duk wanda ke kan wifin gidanka, wifin kuma yana tsallako katanga har ɗakina. Ka ware mini layi na kaina, wanda duk abin da na aiko sai ya fito da manyan baƙaƙe, shafi ɗaya ya bazu a takarda huɗu. Ni kuma da ordinatar da 'yata ta aiko mini daga Yamai, mai Windows, wadda haskenta ke sa idona hawaye kafin na gama layi biyu. Mai takarda ya zo, in ce ya bari sai na natsu. In ɗauki hoton takardar da waya, in tura, in ji injinka ya yi tari a bayan katanga. Sai in sa takalmi in zagayo shan shayi. Ka miƙo mini takardun a naɗe cikin tsohuwar jarida, kana zagin sukarin da nake zubawa. Da safe a inuwa in karanta, da hantsi in fassara wa mai ita kamar na daɗe da sanin abin da ke ciki.

Ba ka taɓa furta sunan ciwon nan a gabana ba, ko sau ɗaya. Ni kuma ban taɓa ce maka na gode ba. Ina jin da na faɗa, da mun rasa abin yi da fuskokinmu. To, na gode. Ka ji?

Ranakun zaman makokinka baƙi suka zare ordinatar suka sa cajin wayoyinsu. Ban damu ba, ban da hankalin damuwa. Amma mutane ba su daina rashin lafiya ba don Issufu ya mutu. Takardu suka ci gaba da zuwa. Na tura ta farko, shiru. Na tura ta biyu, shiru. Windows ta rubuta mini wani ɗan saƙo a kusurwa, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Sai da na kumbura allon har kalma ɗaya ta cika shi sannan na gane: wai ba ta ga amfirimanti ba. Ba ta gan ta ba! Ni da na san inda take, kan teburin nan mai ɗingishi, tsakanina da ita bulo ne kawai.

Da kana nan da na zagayo. Yanzu ta yaya? Ƙofar ɗakinka tana cikin tsakar gida, matarka na takaba. In shiga in zauna in ce me? Gaisuwa daga zaure ita ce iyakata, ka san haka. Sai na aiki Tsahara ta roƙi Haddiza ta mayar da igiyar wuta ta danna maɓallin, ta bar injin a kunne. Na ce ta ce mata wifin ne ba ya aiki sai da shi. Tsahara ta dube ni, ta tafi. Matar nan ta san komai, Issufu. Tuntuni ta daina miƙo mini allura in zura mata zare, ba ta ce don me ba.

Aka kunna. Na ji ƙarar fankar ordinatarka ta katanga, wallahi sai da na zauna. Na sake turawa. Shiru.

Nan na fara tono abin da ka riƙa faɗa ina jinka da rabin kunne. Ka ce injinan biyu kamar Bafillace ne da Buzu a kasuwar dabbobi, kowa da harshensa, sai da tafinta. Na duba tafintan, pilot ɗin da ka sa mini, yana nan. Na duba ko ina kan wifinka ne ko na maƙwabci, ina kan naka. Na kashe, na kunna. Na kashe garkuwar Windows da ke tare baƙi, na mayar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin minti ne ga mai ido. Ni sai in yi layi ɗaya, in rufe ido da tsumma mai ruwa, in jira zugin ya kwanta, in koma.

Can na tuno ranar da kuran, lantarki ke nan, ya ɗauke ya dawo, ka yi ta masifa. Ka ce duk lokacin da akwatin wifi ya mutu ya farfaɗo sai ya sake raba wa injina lambobin gida, ordinatarka ta tashi daga adireshinta, tawa kuma ta yi ta sallama a ƙofar kango. Ka ce za ka kafe lambar wuri ɗaya don kada ta ƙara motsi. Ka ce bayan Sallah. Wace Sallar kake nufi, Issufu?

Sabuwar lambar tana kan allonka, ba mai karanto mini ita. Haddiza ba ta yi lakwal ba, Tsahara lambar waya kaɗai ta sani. Ɗanka na fari, wanda ka mutu ba ka kama sunansa ba, ni zan kama: Lawali ya zo daga Maradi don maganar gado, kuma da na kira shi da ya gyara kafin shayi ya tafasa. Amma zai tambayi me nake bugawa. Yaron da na koya wa a, b, c. Ban kira shi ba.

Sai na bi gida gida. Na buɗe inda adireshin yake a ordinatata, na riƙa sauya lambar ƙarshe, in gwada, in sauya, in gwada, kamar baƙon da ya manta ƙofar masaukinsa. Masu takardu suna zuwa, ina ce musu gobe. Wata baiwar Allah da ta kawo sakamakon awon jininta, ba da sanin mijinta ba, ta yi ta zarya har ta daina shigowa, sai ta tsaya a bakin zaure ta yi gyaran murya.

Ranar Litinin bayan azahar na dace da lambar. Abin da ban lissafa ba shi ne duk takardun da na yi ta turawa ba su ɓace ba. Suna jere a layi cikin ordinatata suna jiran ƙofa ta buɗe. Tana buɗewa suka kwarara gaba ɗaya.

Na ji injinka ya yi tari. Na ji ya ja takarda, ya sake ja, ya sake ja. Sannan na ji salati. Gidanka cike yake da mata masu gaisuwa, ga ɗakin mamaci a rufe, ga inji ya tashi da kansa yana aiki. Na ji kwano ya faɗi, na ji gudu. Haddiza tana kiran sunan Allah da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Ni na jawo mata wannan, matar da ke cikin takaba. Na laluba in tsayar, na kasa ganin inda ake tsayarwa. Ina zaune ina jin asirin mutanen unguwa yana zuba a ƙasan ɗakinka da baƙaƙe kamar na allon aji: jinin wance, sammacin wane, korar ɗan wane daga lakwal. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa wai injin Issufu yana rubutu.

Lawali ne ya shiga ya zare igiyar. Ya tattara komai bai bar kowa ya gani ba, ya ce wa matan tsohon aikinka ne ya maƙale. Da yamma ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba. Bai tambaye ni komai ba. Amma bai miƙo mini takardun ba, Issufu. Hannuna ya kamo ya ɗora su a ciki. Haka ake ba wa wanda ba ya gani kaya, kai ma ka sani.

Washegari ya dawo ɗauke da amfirimanti, wai magada sun yarda a bar mini ita. Ordinatar kuwa da akwatin wifi sun bi shi Maradi, akwai hotunanku da takardun gonaki a ciki, kuma haƙƙin marayu ne, ban isa in buɗe baki ba. Ya zauna ya ɗaura injin kai tsaye a jikin tawa. Windows ta dube ta ta ce ba ta san ta ba. Ashe injin ya tsufa, ba a ƙara yi masa pilot na sabon tsari ba, ordinatarka ce kaɗai ke jin harshensa, tawa a bakinta take ci. Dabarar manyan baƙaƙen ma a cikin taka take. Ya yi ta nema har lokacin motarsa ya yi. Da zai tafi ya ce akwai likitan ido a Maradi da ya sani. Na ce masa idona lafiya lau. Ya ce to, Baba.

Ga ta nan a kusurwar ɗakina, Tsahara ta rufa mata zane. Takardun da suka fito na karanta su duka, na sallami masu su. Ta jinin ma ba wani abin tsoro ba ne, ƙarancinsa ne kawai, baiwar Allah ta tafi tana sa mini albarka. Wannan ita ce ta ƙarshe da na karanta wa wani.

Da aka yi sallama da sabuwar takarda, bakina ya riga hankalina. Na ce Tsahara ta ce na yi tafiya Sabon Maci wurin ƙanena. Ta faɗa. Tun daga ranar ban taka zaure ba. Wanda ke Sabon Maci ba ya zama gindin bedi, ba ya zuwa masallacin unguwa, ba ya tari da ƙarfi. A ɗaki nake salla. Ina jin muryoyinsu a ƙofa, na san kowa, na san har irin takardar da ke hannunsa daga yadda yake tambaya. Suna cewa yaushe Mushe zai dawo, Tsahara tana cewa sai yadda Allah ya yi. Jiya ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina, ta ce ita ta gaji da yi wa Musulmi ƙarya da furfurarta.

Gobe Juma'a. Tun da na balaga ban taɓa barin ta ina cikin gari da ƙafafuna ba. In na fita, kafin in kai masallaci wani zai tare ni ya ce barka da dawowa, ya zaro takarda daga aljihu ya buɗe mini ita a tsakiyar titi. In na zauna, na bar farilla don tsoron bakin mutane. Da wanne zan zo in same ka? Kai da kake da dabarar komai, wannan fa?

Tsahara ta riga ta wanke farar rigata, ta rataye ta a bakin ƙofa inda ba yadda za a yi in wuce ban taɓa ta ba.

Sai mun haɗu. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta.

Naka, wanda ka bari a wannan gefen katangar,
Haruna