An Mamaye Mini Kujera

Daren Alhamis, Plumstead

Ƙarfe uku saura, ga shi shida nake da shift a wurin aiki. Tun sha biyu Yaya Auwal da abokinsa Dakta suka mamaye kujerar falo da nake kwana a kai, wai yau ƙungiyoyin ƙwallon Amurka ke zaɓen sababbin 'yan wasa a talabijin. Na zauna a ƙasa da bargona ina jiran a fara wasa. Ashe babu wasa. Wani mai kwat ne ke karanta sunaye, ana ba ƙarti hula suna kuka.

Yaya ya ce mai jefa ƙwallo ƙungiyarsu ke buƙata. Dakta ya ce, "Haba Auwal, wa zai tsare shi? Ƙato muke so, mai tashi da malmala biyar!"

Na ce, "Yaya, in taku ta zaɓa za ku tashi?" Ya ce wallahi.

Da aka zo kan ƙungiyar tasu, sai ta yi musayar layi da wata, ta koma can ƙarshe. Suka yi salati, suka gyara zama.

Na shige ɗakin Yaya na murza key. Yanzu haka yana ƙwanƙwasawa a hankali, tsoron maƙwabta. Wata bakwai ina gidan nan, ban san katifarsa na da laushi haka ba.