Rasuwar Yaya Pushparani da Furannin da Muka Mayar

Cikin alhini da zuciya mai tafasa, Haɗakar Cibiyoyin Kula da Waɗanda Aka Azabtar da 'Yan Gudun Hijira ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma jagorarmu, Uwargida Pushparani Kanagasabai, wadda kowa ke kira Yaya, a wani asibitin Melbourne ranar Talata, bayan doguwar jinyar ƙoda, ciwon da dukan da ta sha ya bar mata tun tana tsare a ƙasarmu ta haihuwa.

Da girki Yaya ta fara, a cibiyarmu ta unguwar Dandenong a Melbourne. A nan ta lura duk wanda ya koma wani gari sai an sa shi ya sake ba da labarin azabarsa tun daga farko. Ta tari shugabanni ta ce, "Ku masu magani ne ko 'yan kallo? Mikin da aka ɗaure ba a kwance shi don baƙo ya leƙa." Ba ta bar su sun huta ba sai da cibiyoyin Melbourne da Adelaide da Darwin suka amince cewa mai kula da mutum shi zai yi wa takwaransa bayani, da yardar mai ciwon.

Da cibiyoyin suka fara magana da juna, sai aka gane cewa mata a garuruwan uku mutum ɗaya suke kwatantawa a matsayin wanda ya azabtar da su: mai taunar kanumfari, mai guntun yatsa a hagu. Yaya ta san hannun nan, a jikinta ta san shi. Ta sake ganinsa a kasuwa yana auna mata albasa, ya yi ƙiba, ya canja suna. Muka zabura, ta hana mu. "Ku dakata, ƙannena. Matan nan ko barci ba su iya ba tukuna, balle tsayuwa gaban alƙali."

Ranar da aka shimfiɗe gawarta a gida, fitila na ci a wajen kanta, mutumin nan ya aiko da furanni. 'Yarta Ilakkiya ce ta karɓa, ba ta san ko waye ba, har ta yi godiya.

Haɗakar na miƙa ta'aziyyarta ga Ilakkiya da ƙanenta Mathivanan da dukkan dangi na nan da na ƙetare. Ubangiji ya ba ku ƙarfin ɗaukar wannan rashi, ya kwantar da ita inda ba a kulle ƙofa. Ilakkiya, 'yata, ba ki yi laifi ba. Tarbiyyar uwarki kika nuna.

Kai kuma, mai furanni, ka ɗauka shaida ta ƙone tare da ita ranar da aka ƙona gawarta bisa al'adarmu. Matan da take jira sun zo jana'iza daga garuruwan uku, sun ga furanninka, kuma da bakinsu suka ce a kira lauya. Ba za mu taɓa ko gefen rigarka ba. Za ka zauna ne a kotu ka saurare su ɗaya bayan ɗaya, ba ka da ikon cewa su yi shiru. Ba mu yafe ba, kuma wadda take hana mu ta tafi.

Furanninka suna bakin rumfarka. Ka zuba musu ruwa, su kai ranar shari'a.

Sa hannu:
Vasanthi Thurairajah
Mai magana da yawun Haɗakar