Shaidar Dijatu

Azare,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ciwon ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, lauyan gwamnati ya aiko, Laraba mai zuwa ni za a kira a kotu. Kin san babu wanda ke fadama ranar sai ni da na kai abinci. A gabana ƙaninmu Bappayo da maigidana Malam Sha'aban suka fara musu a kan wanda zai fara jan ruwa da injin ban-ruwa, a gabana ƙaninmu ya ɗaga fartanya. Sau ɗaya ya sauke ta. A bakin titi, a cinyata, Malam ya cika.

Inna ta turo mini saƙo daga Katagum, wai in ce na juya baya, ban ga komai ba. Ta ce wanda ya mutu ya mutu, kada in ƙara mata kabari. Dangin Malam kuma ko gaisuwata ba sa amsawa sosai, suna jira su ga wane jini zan bi. Ni na goyi Bappayo, Yaya, har yau ina jin nauyinsa a bayana. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Dijatu.

Azare,
ranar Juma'a.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida. Ki yafe mini shirun watannin nan.

Na faɗi gaskiya. Da aka miƙo mini Alƙur'ani, sai na ji harshena ba zai iya wata magana ba. Na kuma gaya wa mai shari'a cewa Bappayo ne ya ciccibi Malam a guje zuwa bakin titi yana kuka, ina zaton hakan zai sassauta. Jiya aka yanke hukunci: kisa ta hanyar rataya.

Surukina ya yi kabbara a harabar kotu. Inna ba ta yi kuka ba. Na je zan kama ta ganin jiri na ɗibarta, ta zare hannunta a hankali, ta gyara mayafi, ta bi maƙwabciyarta zuwa tasha. Da ma zagina ta yi.

Yau da safe na kai wa Bappayo fura gidan yari, ina tsoron ko zai ƙi fitowa. Ya fito. Ya rame ƙwarai. Ya ce da na yi ƙarya da bai ƙara iya kallon 'yata Khaulat ba, wadda ya mayar marainiya. Ya roƙe ni gafara, ya kuma roƙi kada in bar Inna ita kaɗai. Lauyansa ya ce za a ɗaukaka ƙara, amma ban ga alamar shi kansa yana sa rai ba.

Don Allah, Yaya, ki taso daga Jama'are gobe, ki biyo ta nan mu tafi Katagum tare. Ke ki shiga wurin Inna. Ni zan zauna a zaure har sai ta ce in shigo, ko da zan kai yamma.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Dijatu.