Kunnen Tagulla

Zuwa ga Hajiya Babba, a gidan ɗanta, ɗakin da ke kusa da famfo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da gwiwoyinki da aka ce suna yi miki gardama da safe. Ina gaida ɗanki da iyalinsa, da duk mai miƙo miki buta.

Ba ki san ni ba. Ni ne Babban Darakta na Hukumar Binciken Tsofaffin Ƙarafa ta Duniya Baki Ɗaya. Ina da ma'aikata ɗari huɗu da mota mai tuta, kuma ba kowa nake rubuta wa da hannuna ba. Na rubuto da ajami ne don bincikenmu ya nuna shi kike karantawa, kuma ba kya son jikoki su karanta miki takarda suna ƙara gishiri.

Ga dalili. Wata uku da suka wuce, da aka ɗauke ki daga tsohon gidanki aka kai ki gidan ɗanki, an share ɗakinki rana ɗaya, aka zuba abin da aka kira tarkace a buhu. Buhun ya faɗo hannun wani jikanki, saurayi kyakkyawa mai hankali, wanda ke aiki a teburin wani maƙerin kayan ado a layin masu gyara. Aikinsu shi ne su ɗauki tsohon ƙarfe da kowa ya gaji da shi su mai da shi abin ƙawa. Cokulanki masu yatsu, an lanƙwasa su, yanzu awarwaro ne a hannun wata malamar makaranta. Makullan akwatunan da babu su tun kafin a haifi yaron sun zama 'yan kunne. Maɓallan tsohuwar kwat ɗin marigayi maigidanki sun hau kan zobba. Hukuma ta duba aikin, ta ce ba laifi.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya gagari masananmu. Na tagulla ne, tsawonsa taƙi ɗaya. Bakinsa a buɗe kamar mazurari, ya tsuke a tsakiya, a ɗaya ƙarshen kuma akwai faifai mai rami. An same shi naɗe da farin ƙyalle a cikin safa. Masaninmu na agogo ya sa gilashi a ido ya juya shi, ya ce ƙahon tsohuwar garmaho ne. Masaninmu na faci ya ce ham ɗin keke ne da robarsa ta mutu. Tela ya ce na sa fure ne. Mai shayi kuwa ya ɗura sukari da shi a kwalba, ya ce ko mene ne yana aiki. Ni da kaina na busa shi har kumatuna suka yi ciwo, bai yi ƙara ba.

Hajiya, mene ne wannan abu? Yaya sunansa, wa ya ba ki, me ya sa kika sa masa safa kamar mai jin sanyi?

An shaida mana tun da kika koma gidan nan ba ki yi wa kowa doguwar magana ba, daga "to" sai "Allah ya yi albarka". Hukuma ba danginki ba ce, ba da ita aka share ɗaki ba, don haka ki saki baki. Ki ba direban motar siminti amsa, ma'aikacinmu ne na sirri.

Wassalam,
Babban Darakta.

*

Zuwa ga Hajiya Babba.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar jiki da gwiwa da barci. Mu nan lafiya, sai yawan taro da baƙi daga ƙasashe.

Amsarki ta iso, shafi huɗu cur, har kin bi gefen takarda da rubutu. Direba ya ce da kika miƙa masa sai da kika tsare shi kika tambayi matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har ɗanki ya leƙo ya ga wa kike yi wa hira haka.

Na tara ma'aikata na karanta musu. Ashe abin nan na sauraron ɗa ne a ciki. A kifa bakin a kan cikin mace, unguwarzoma ta ɗora kunne a kan faifan, ta cire hannu, ta yi shiru. Kin ce wata sista ce da kika yi shekara ashirin kina riƙe mata fitila da jaka ta bar miki shi ranar da za ta tafi, kuma ba ki taɓa kiransa da wani suna ba sai "kunnena". Masanin faci ya ce dama ya yi zargin haka. Mai shayi ya je ya zubar da sukarin kwalba, ya dawo yana ta istigifari.

Wurin da ya fi taɓa Hukuma shi ne inda kika ce wata uku kina tambayar mutanen gida ina kunnenki, su kuma suna kallon juna, har aka kai ki asibiti aka leƙa miki kunnuwa da tocila. Kin ce daga ranar kika ga magana da su ɓata yawu ne. Kin kuma ce ba ki damu da cokula ba, malamar makaranta ta sha ado lafiya, amma wannan a dawo miki da shi yadda yake, ko ƙwarzane kada a yi masa.

To, a nan ne akwai ɗan jinkiri irin na ofis. A halin yanzu abin yana sassa biyu na Hukuma. Ana nufin sashe ɗaya yana duba bakin, wani sashen yana duba faifan, kuma sashen faifai ya yi tafiya. Mun tura manzo. Ki kwantar da hankalinki, manyan wurare haka suke.

Kafin nan akwai tambayoyi da suka hana ni sukuni. Yaya ƙarar take? Kamar agogo, ko kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa? Ta yaya kike raba bugun uwa da na ɗa? In tagwaye ne, a tare suke bugawa ko kowa da nasa? Me ya sa ake cire hannu? Kuma da kika ce da shi kika saurari jikan nan naki sau bakwai tun yana ciki, ko sau ɗaya bai tsaya wuri ɗaya ba, ki sa a dama ya gudu hagu, kin tabbata shi ne? Bayanan da ke hannunmu sun nuna yaro ne natsattse. Haka nan kalmar "ɓarauniyar akuya" da kika kira shi da ita, Hukuma na ganin ta yi tsauri, ko da yake mun shigar da ita fayil.

Ki ƙara rubutowa, ko shafi goma ne. Ina da masu karanta mini, amma naki da kaina nake karantawa.

Naki,
Babban Darakta.

*

Zuwa ga Hajiya Babba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Ina gaida ɗanki da matarsa da yara. Wannan takarda tana tare da ƙunshi. Don Allah kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshe.

Na ga amsarki ta biyu. Kin ce ƙarar kamar agogo ne da aka sa a ƙarƙashin matashi, kuma ana cire hannu ne don kada mutum ya ji jinin yatsunsa ya ɗauka na jariri ne. Sannan kika ce ofishin da ke raba abu ɗaya sashe biyu, zarto ne daraktansa. Na karanta wurin nan sau uku, na kasa cin abinci.

Gaskiya ne, an yanka shi. Tun kafin takarda ta farko aka yanka shi. Maigidan teburin yana da doka, ba a sa zarto a kan abin da ba a san sunansa ba, a ajiye shi a faranti har a sani. Abin nan ya yi kwana tara a faranti. A rana ta goma maigida ya tafi sayo waya, faifan nan yana kallona ina kallonsa, ga rami a tsakiya kamar don sarƙa aka yi shi. Na yanke shi, na goge bakin yankan da magagari, na zana masa ƙananan ganye a kewaye, na huda shi sau biyu na sa sarƙa. Kafin la'asar wata mata ta saya. Maigida ya dawo ya ga rabi a faranti, bai zage ni ba, ya ce kawai in je in nemo sunan abin da na kashe. Shi ya sa aka kafa Hukuma.

Ban san matar ba, abin da na riƙe shi ne doguwa ce mai koriyar lema. Kwana shida ina bin layi ina tambaya. Mai shayi ya ce yana ganinta tana shiga bas da ƙunshin yadi. Tela ya ce in yadi mai kauri ne to mai ɗinkin labule ce. Na shiga shagon labule huɗu ina leƙa wuyan mata, har wata ta ɗauko mini almakashi. A na biyar na same ta, faifan yana rataye a wuyanta tana taka keken ɗinki.

Ta ce ba za ta bayar ba, abin ya karɓe ta, ƙawayenta duk sun tambaya. Na ce zan yi mata wanda ya fi shi, ta ce kowane mai ƙira haka yake cewa. Da na rasa yadda zan yi sai na zaro takardarki na karanta mata shafi huɗun nan a tsaye. Ta dakatar da keke tun a shafi na biyu. Da na gama ta cire sarƙar, ta kifa faifan a kunnenta kamar za ta ji wani abu, ta ce ita ma da irinsa aka saurari ɗanta na fari. Ta miƙo mini, amma ta ce 'yan kunne biyu na haƙoran agogo za ta karɓa, kuma in gaishe ki.

Na yi masa walda da azurfa, ba da dalma ba. Maigida ya riƙe awartaki, ni na riƙe wuta, da ƙarfen ya huce ya ɗaga shi sama ya leƙa ya ce iska ba ta fita. Hudojin biyu na cike su. Za ki ga farin zobe a wuyansa inda aka haɗa, ganyen da na zana kuwa sun ƙi fita, in na ci gaba da gogewa faifan zai yi siriri. Kin ce ko ƙwarzane kada a yi masa. Ban cika wannan ba, kuma ba zan iya cikawa ba.

Abin da ban sani ba shi ne ko yana ji har yanzu. Na gwada a ƙirjin mai faci, na ji abu kamar injin nika. Na gwada a kan akuyar maƙwabta mai ciki, na cire hannu yadda kika ce, ban ji komai ba sai ciyawa tana juyawa, daga baya ta taka mini ƙafa. Duk layin nan babu mai kunnen da zai raba gardama.

Direba ya gaya mini matar Baffa, ɗanki, ta shiga wata na bakwai, kuma kullum tana wucewa ta ƙofarki da sanɗa, tana tsoron ta yi miki magana. Ba ita ta share ɗaki ba, Kaka. Baffa ne ya ce a share, ni na riƙe bakin buhu, ni na ga safa na jefa ba tare da na tambaya ba. Ki kira ta ta kwanta a tabarmarki ki gwada. In kin ji agogon nan a ƙarƙashin matashi, ki rubuto ki gaya mini yadda yake, dalla-dalla, ko ta ina ya gudu. In ba ki ji komai ba, shi ma ki gaya mini, zan zo da kaina in durƙusa ki yi mini duk abin da kika ga dama da sandarki.

Babu ma'aikata ɗari huɗu. Babu mota, tutar kuwa tsumman goge tagulla ce. Ni ne, wanda kika yi wa wanka yana tsala ihu, wanda ya sa miki ƙwaro a gafaka, mijinki da kike cewa ba ki so don ba shi da gemu. Yanzu ki kwance ƙunshin. Na saya masa sabuwar safa.

Jikanki,
Sarkin Ɓarna.